Daga Zango zuwa Sa'a: Nisan Tafiya da Lokacinta Tsakanin Filin Jirgin Saman Kano da na Jidda

Tsakure

Nisan da ke tsakanin filin jirgin saman Malam Aminu Kano da filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz na Jidda abu ne tsayayye, wato kimanin kilomita 3,420. Lokacin da ake ɗauka kafin a cinye wannan nisa kuwa yana sauyawa daga tafiya zuwa tafiya. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake lissafa nisan, da abubuwan da ke tsawaita lokacin ko su gajarta shi, wato gudun jirgi da iskar sama da iyakokin ƙasashe da yada zango da yanayin filin tashi. Ta kuma dubi bambancin agogo da tasirinsa a kan miƙati da sallar ƙasaru da azumi. An ɗora bayanin a kan tsohon ma'aunin Bahaushe na zango da kwana, aka nuna cewa wannan ma'auni, wanda ke auna nisa da lokaci, shi ne har yanzu ya fi yi wa matafiyi amfani.

Fitilun Kalmomi: nisa, zango, babbar da'ira, alƙibla, agogo, aikin hajji

1.0 Gabatarwa

Ƙofar Wambai tana gabashin ganuwar Kano, tsakanin Ƙofar Mata da Ƙofar Mazugal, tana kallon Fagge inda ayarin fatake kan sauka a zamanin da. A yau an fi saninta da kasuwarta ta takalma da kayan fata da robobi da gwanjo. Daga bakinta zuwa filin jirgin saman Malam Aminu Kano bai kai kilomita goma ba. Idan lokacin aikin hajji ko umarar azumi ya ƙarato, tambayar da maniyyaci kan yi wa waɗanda suka riga shi zuwa ita ce: sa'a nawa ake yi kafin a isa Jidda? Wani zai ce huɗu da rabi, wani ya ce shida da rabi, wani kuma ya ce shi da zai dawo biyu da rabi kacal ya yi. Kowannensu yana iya zama mai gaskiya, domin ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Rashin fahimtar wannan yana da hasara. Da shi ne 'yan tarba kan je filin jirgi su yi zaman sa'o'i a banza, ɗan kasuwa ya rasa jirginsa na biyu a wata ƙasa, maniyyaci kuma ya wuce miƙati bai yi niyya ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta warware zaren lissafin cikin Hausa, ta rarrabe tsakanin nisa da lokacin tafiya da abin da agogo ke nunawa. An zaɓi hanyar Kano zuwa Jidda ne saboda tana bin sawun wata tsohuwar hanya da Hausawa suka daɗe suna takawa da ƙafa, don haka tana ba da damar kwatanta ma'aunin jiya da na yau.

2.0 Yadda Bahaushe ke Auna Nisa

Kafin zuwan mil da kilomita, Bahaushe da lokaci yake auna nisa. Yakan ce gari kaza tafiyar wuni ce, ko ta kwana uku, ko zango biyar. Kalmar zango kanta tana ɗauke da ma'ana biyu: wurin da ayari ke sauka, da kuma tazarar da ke tsakanin masauki da masauki. Daga nan ne ma'anarta ta faɗaɗa har aka sami zangon karatu da zangon mulki, waɗanda lokaci zalla suke nufi. Haka ita ma kalmar nisa take shiga fagen lokaci, kamar a "dare ya yi nisa" da "nisan kwana". Ke nan a tunanin Bahaushe tazara da lokaci a saƙe suke.

Tsohuwar hanyar hajji ta ƙasa ta tashi ne daga Kano ta bi Barno, ta ratsa Wadai da Darfur da Kordofan, ta ƙetare Kogin Nilu, ta isa gaɓar Bahar Maliya a Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa a yi kimanin kilomita 300 zuwa Jidda. Jimillar hanyar ta haura kilomita 4,000. Idan aka ƙaddara cewa ayarin da ke da mata da yara da tsofaffi yana cin kilomita 25 kullum ba hutawa, zai yi kwana 160, wato fiye da wata biyar. A zahiri kuwa mutane da dama shekaru suke yi, domin guzuri yakan ƙare a tsaya a yi noma ko sana'a kafin a ci gaba. Nazarce-nazarcen Works (1976) a kan Hausawan Cadi, da Birks (1978) a kan hanyar ƙasa, da Yamba (1995) a kan mazauna Sudan, duk sun nuna yadda zanguna suka rikiɗe suka zama unguwanni da garuruwa. Fitaccen misali shi ne garin Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Tun kafin jirgin sama an fara ganin cewa hanya mafi kusa ba lalle ta zama mafi sauri ba. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi aikin hajji ta jirgin ruwa, inda ya bi ta Legas da Ingila kafin ya isa Jidda. Ya ninka nisan tafiya, amma ya je ya dawo a cikin watanni.

Jiragen sama na farko da suka sauka a Kano guda uku ne na sojan saman Birtaniya, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Sun tashi daga Halwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, 1925, suka bi ta Khartum da Alfashir, suka iso Kano ranar 1 ga Nuwamba. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano. Jiragen wancan zamani ba sa iya dogon zango, don haka sai suka riƙa sauka a garuruwan da mahajjatan ƙasa suka saba ratsawa, irin su Alfashir da Aljunaina da Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, da Maiduguri. A ƙarshen shekarun 1940 Alhaji Mahmud Ɗantata da abokan kasuwancinsa suka kafa kamfanin jigilar alhazai na WAPA, wanda sunansa ya bi unguwar 'yan canji ta Wapa a Fagge. Daga motoci aka koma shatar jirage, tafiyar shekaru ta dawo ta kwanaki, daga baya ta koma ta sa'o'i.

3.0 Nisan Kano da Jidda a Doron Ƙasa

3.1 Babbar Da'ira

Duniya mulmulalliya ce, kewayenta kimanin kilomita 40,000. Hanya mafi gajarta tsakanin wurare biyu a bayan abu mulmulalle ita ce wadda za a samu idan aka ɗaura zare a wuri na farko, aka ja shi ya miƙe sosai zuwa na biyu. Idan aka ci gaba da zaren har ya zagayo, zai raba duniya gida biyu daidai. Wannan zagaye shi ake nufi da babbar da'ira a wannan maƙala. Kamar kowace da'ira, tana da digiri 360, kuma kowane digiri ɗaya a kanta kimanin kilomita 111 ne.

Ana gane matsayin kowane wuri da lambobi biyu: nisansa daga ikwaita, layin da ya raba duniya kudu da arewa, da nisansa daga layin da ya ratsa Girinic ta Ingila, wanda ya raba gabas da yamma. Filin jirgin Kano yana digiri 12.05 arewa da digiri 8.52 gabas. Na Jidda yana digiri 21.68 arewa da digiri 39.16 gabas. Idan aka shigar da waɗannan lambobi cikin lissafin kusurwoyin da'ira, kusurwar da ke tsakanin filayen biyu daga tsakiyar duniya takan fito digiri 30.8. A ninka wannan da 111, sai a sami kimanin kilomita 3,420, wato kusan kashi ɗaya cikin goma sha biyu na kewayen duniya. Matuƙan jirgi da mil na teku suke lissafi, wanda tsawonsa mita 1,852 ne, don haka a wurinsu nisan kimanin mil 1,850 ne. Da irin wannan lissafi aka fitar da waɗannan alƙaluma:

Kano zuwa Alƙahira: kimanin kilomita 3,100
Kano zuwa Adis Ababa: kimanin kilomita 3,330
Kano zuwa Jidda: kimanin kilomita 3,420
Kano zuwa Madina: kimanin kilomita 3,560
Kano zuwa Dubai: kimanin kilomita 5,120
Kano zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin: kimanin kilomita 10,940

Taswirar bango tana ɓoye wannan hanya, domin an shimfiɗe abu mulmulalle ne a kan takarda. A kanta babbar da'ira takan fito a lanƙwashe. Lanƙwasar ba ta da yawa tsakanin Kano da Jidda, amma tana bayyana sosai a doguwar tafiya. Guangzhou tana digiri 23 arewa, amma hanya mafi gajarta daga Kano sai ta hau har kusan digiri 29, ta bi ta saman Delhi ta Indiya, sannan ta gangaro.

3.2 Hanyar Jirgi da Alƙibla

Daga Kano, babbar da'irar da ta nufi Jidda tana barin gari ne a kan kusurwar digiri 68 daga arewa, wato gabas da ɗan karkata zuwa arewa. Tana ratsa Jigawa da Yobe, ta shiga yankin Diffa na Nijar, ta wuce ta arewacin Tafkin Cadi, ta bi ta saman duwatsun Ennedi, ta shiga Sudan, ta ƙetare Nilu kusa da Dongola, ta faɗa Bahar Maliya arewa da Port Sudan. Wannan layi yana arewa da tsohuwar hanyar ƙasa, a cikin hamadar da mai tafiya a ƙafa yake kauce wa saboda rashin ruwa.

Alƙiblar Kano ma kimanin digiri 68 ce daga arewa, domin da babbar da'ira ake fitar da ita, kuma Jidda da Makka maƙwabta ne. Malaman Musulunci sun daɗe da sanin wannan lissafi. A ƙarni na 11 Albiruni ya yi amfani da shi wajen fitar da alƙiblar birnin Gazna. Bahaushe yakan kira alƙibla gabas, ya ce a fuskanci gabas. Lissafi ya nuna cewa alƙiblar Kano ta karkata daga ainihin gabas zuwa arewa da kimanin digiri 22. Wanda ya tsaya a sahu a masallacin Ƙofar Wambai, idan an daidaita alƙiblarsa, yana kallon hanyar da jirgin Jidda zai bi ne in babu abin da ya karkatar da shi.

4.0 Abubuwan da ke Ƙayyade Lokacin Tafiya

4.1 Gudun Jirgi

Manyan jiragen fasinja suna tafiya ne a tsayin ƙafa 33,000 zuwa 41,000, da gudun kimanin kilomita 850 a sa'a. Raba 3,420 da 850 yana ba da sa'a huɗu da 'yan mintuna. Sai dai jirgi ba ya fara tafiya da wannan gudu. Yakan ɗauki minti ashirin zuwa talatin yana hawa, kuma yakan fara gangarowa tun saura kimanin kilomita 200. A ƙasa da ƙafa 10,000 ƙa'ida ta taƙaita gudunsa zuwa kimanin kilomita 460 a sa'a. Bugu da ƙari, lokacin da kamfanoni ke rubutawa a jadawali yana farawa ne daga sa'ad da jirgi ya motsa daga inda ya ɗauki fasinja, ya ƙare sa'ad da ya tsaya a inda zai sauke su. Idan aka haɗa duka, tafiyar kai tsaye takan kama sa'a huɗu da rabi zuwa biyar.

4.2 Iskar Sama

Jirgi a cikin iska yake iyo, kamar kwalekwale a kogi. Idan iska tana tura shi daga baya, gudunsa a kan ƙasa yakan ƙaru. Idan tana bugunsa ta gaba, ya ragu. A ɗauka iska tana kaɗawa daga yamma da gudun kilomita 50 a sa'a. Mai zuwa Jidda zai yi gudun 900, ya cinye nisan a sa'a uku da minti 48. Mai dawowa zai yi gudun 800, ya ɗauki sa'a huɗu da minti 17. Bambancin ya kusa rabin sa'a, alhali nisan bai sauya ba.

Iskar da ake ji a ƙasa ba ita ce ke sama ba. Da hunturu, lokacin da iskar ƙasa ke zuwa Kano daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura, iskar da ke tsayin da jirage ke bi a saman Sahara daga yamma take kaɗawa, saboda haka zuwa ya fi dawowa sauri. Da damina kuwa akwai wata iska mai ƙarfi da ke tasowa daga wajen Indiya ta ratsa Larabawa zuwa Afirka, wadda ke taimakon mai dawowa. Tun da shekarar Hijira tana kasa ta Miladiyya da kimanin kwana 11, lokacin hajji yana zagaya damina da rani da hunturu a cikin kimanin shekara 33. An yi tsayuwar Arfa ta 2010 a tsakiyar Nuwamba, ta 2023 kuma a ƙarshen Yuni. Alhazan waɗannan shekaru biyu ba iska ɗaya suka tarar a sama ba.

4.3 Iyakokin Sararin Samaniya

Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta tabbatar wa kowace ƙasa cikakken iko a kan sararin samaniyarta. Jirgi ba ya shiga sai da izini, kuma yana bin tsararrun hanyoyi ne daga wata alama zuwa wata, waɗanda ba kullum suke dacewa da babbar da'ira ba. A lokacin zaman lafiya ƙarin da wannan ke jawowa kaɗan ne. Idan rikici ya ɓarke, sai lissafi ya rushe.

Kusan kashi biyu cikin biyar na layin Kano zuwa Jidda a saman Sudan yake. Da yaƙi ya ɓarke a can ranar 15 ga Afrilu, 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, 'yan makonni kafin fara jigilar alhazan wannan shekara. Dole jirage suka riƙa zagaye, kamfanonin jigila kuma suka nemi Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta amince da ƙarin kuɗin kujera. Dalilin a fili yake: kowane ƙarin kilomita 850 sa'a guda ce ta shan mai da aikin ma'aikata. A watan Agusta na shekarar Nijar ma ta rufe nata sararin na wasu makonni bayan juyin mulki. Ƙasashen da rikicinsu kan tsayar da ayari a da, su ne rikicinsu ke karkatar da jirgi a yau. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

4.4 Yada Zango

Ba kowane matafiyi ke samun jirgin kai tsaye ba. Mai zuwa umara da ya bi ta Alƙahira zai yi kilomita 3,100 sannan ya ƙara 1,220, jimilla 4,320, wato ƙarin kilomita 900. Wanda ya bi ta Adis Ababa zai yi 3,330 da 1,410, jimilla 4,740. Duk da haka ba ƙarin nisan ne ya fi cin lokaci ba, jiran jirgi na biyu ne. Ɗan kasuwar da ya tashi daga Ƙofar Wambai zai je sarin kaya Guangzhou ta Adis Ababa zai yi kimanin kilomita 11,370, ƙarin 430 kawai a kan hanya mafi gajarta, abin da bai wuce tafiyar rabin sa'a ba. Amma zaman jira a zango yana iya cinye sa'o'i da yawa, wani lokaci har da kwana. Saboda haka idan ana kwatanta tikiti biyu, jimillar lokaci daga tashin farko zuwa saukar ƙarshe ya kamata a duba.

4.5 Yanayin Filin Tashi da na Sauka

Hazon hunturu yakan rage nisan da ido ke gani a Kano har a jinkirta tashi ko a karkatar da jirgi mai sauka zuwa wani fili. Zafin bazara, wanda kan haura digiri 40, yana sa iska ta yi sako-sako, ga shi filin Kano yana kimanin mita 470 sama da teku. A irin wannan hali jirgi mai cike da kaya yana bukatar doguwar tsere kafin ya ɗaga, wani lokaci a rage masa nauyi ko a jira sanyin dare. A ɗaya ɓangaren, cunkoson lokacin hajji yakan sa jirgi ya yi ta shawagi a saman Jidda yana jiran izinin sauka. Bayan sauka ga tantance takardu da jiran kaya da tafiyar mota zuwa Makka. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Idan aka lissafa daga lokacin da maniyyaci ya bar gida zuwa sansanin alhazai har ya isa masaukinsa, sau da yawa sa'o'in da ya yi a sama su ne mafi ƙaranci a tafiyar.

5.0 Bambancin Agogo

Duniya tana juya digiri 360 a sa'a 24, wato digiri 15 a kowace sa'a, ko digiri ɗaya a minti huɗu. Jidda tana gabas da Kano da digiri 30.6, don haka rana tana riga kai wa tsaka a can da kimanin minti 123. Agogon Nijeriya yana gaba da na GMT da sa'a ɗaya, na Saudiyya da sa'a uku. Bambancin sa'a biyu ke nan, wanda ya yi kusan daidai da na rana.

Tikiti yana rubuta lokacin tashi da agogon garin da aka tashi, lokacin sauka kuma da agogon garin da za a sauka. Jirgin da ya bar Kano ƙarfe 10:00 na dare ya yi sa'a huɗu da rabi zai sauka ƙarfe 2:30 na dare agogon Nijeriya, wato 4:30 na asuba agogon Saudiyya. Mai duba tikiti zai ɗauka tafiyar sa'a shida da rabi ce. Jirgin da ya bar Jidda ƙarfe 10:00 na safe zai sauka Kano ƙarfe 12:30 na rana, a ga kamar sa'a biyu da rabi ya yi. Nan ne amsoshin nan uku da aka ambata a gabatarwa suka samo asali. Ƙa'idar mai sauƙi ce: mai zuwa Jidda ya cire sa'a biyu daga tazarar da tikiti ya nuna, mai dawowa ya ƙara biyu. Ga mai zuwa Guangzhou, sa'a bakwai ne zai cire ko ya ƙara.

6.0 Tasirin Lissafin a kan Ibada

Jirgin da ke gudun kilomita 850 a sa'a yana cin kimanin kilomita 14 a minti ɗaya. Jinkirin minti biyar kilomita 70 ne, kusan tazarar da ke tsakanin birnin Jidda da Makka. Wannan ne ya sa batun miƙati ya zama mai muhimmanci ga mai tafiya ta sama. Jirgin da ya ƙetaro Bahar Maliya daga yamma yana shigowa ne tsakanin miƙatin Juhfa da ke arewa, kusa da Rabig, da na Yalamlam da ke kudu. Malamai sun yi saɓani: wasu sun ce wajibi ne a yi niyya a sama idan an zo daura da miƙati, wasu kuma sun yarda wanda ya fito ta wajen Sawakin ya ɗaura harami a Jidda. Abin da masu kaffa-kaffa kan yi shi ne su yi wanka su sa tufafin harami tun daga Kano, su jira sanarwar ma'aikatan jirgi su yi niyya. Wanda aka fara kai wa Madina ba ya cikin wannan damuwa, domin miƙatinsa Zulhulaifa ne, kuma ta ƙasa zai iske shi.

Game da ƙasaru, Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan Kano, ta ƙayyade nisan da mil 48, wato kimanin kilomita 80 a ƙiyasin da ya fi yaɗuwa. Malaman fiƙihu sun kwatanta shi da zango biyu na tafiyar raƙuma masu kaya. Jirgi yana cinye wannan a ƙasa da minti shida. Hukuncin yana rataye ne a kan nisan, don haka saurin abin hawa bai ɗauke sauƙin da aka yi wa matafiyi ba.

Lokutan salla da buɗa-baki kuwa rana suke bi, ba agogon hannu ba. Mai azumin da ya tashi da rana zuwa Jidda wuninsa zai ragu da kimanin sa'a biyu, na mai dawowa kuma ya ƙaru da haka. Har ila yau, wanda ke tsayin kilomita 11 yana ci gaba da ganin rana kimanin minti 13 zuwa 15 bayan ta faɗi ga mutanen da ke ƙasa daidai ƙarƙashinsa. Fatawar da ta fi yaɗuwa ita ce ya jira har ranar ta ɓace daga inda yake.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tsakanin Kano da Jidda akwai ma'aunai uku da ya kamata a rarrabe. Na farko shi ne nisa, kimanin kilomita 3,420, wanda siffar duniya ta ƙayyade. Na biyu shi ne lokacin tafiya, sa'a huɗu da rabi zuwa biyar idan hanya a buɗe take, wanda iska da siyasa da zango da yanayi ke iya tsawaitawa. Na uku shi ne abin da agogo ke nunawa, wanda ke ƙara sa'a biyu a zuwa ya rage biyu a dawowa. Madugun da ya ce Makka tafiyar wata kaza ce ya san cewa amsarsa ta dogara da ruwa da guzuri da zaman lafiyar hanya. Matuƙin jirgi ma haka yake lissafi, da mai da iska da izinin ƙasashe. Akwai bukatar masu bitar alhazai su shigar da wannan bayani cikin darussansu, masana harshe kuma su daidaita kalmomin wannan fage, domin zango da nisa da gabas sun riga sun tanadi harsashin da za a ɗora sabuwar ma'ana a kai.